Ba a Ƙulla Likkafanin Mai Rai

Ranar Laraba da hantsi, Sufeto Mirzohid Tursunov ya fasa rumman kenan a kan teburinsa, sai wayar ofis ta yi ƙara. Shekara ashirin da shida yana aikin ɗan sanda a garin Margilon, bai taɓa cin rumman ya ƙare ba tare da an katse shi ba, kuma abin bai taɓa ɓata masa rai ba. Ya goge hannu ya ɗauka.

"Ravshan ne, daraktan gidan tsofaffi na bayan tsohuwar masaƙa. Sata aka yi mana, 'yan kunnen zinariya. Amma kada ka wahalar da kanka, mun kama ɓarauniyar. Takarda kawai za ka sa wa hannu."

"Takardar me?"

"Ta shaidar an yi satar. Matar ta rikice ne, ka san tsufa. Gobe da safe mota za ta kai ta asibitin masu taɓin hankali."

"Shekarunta nawa?"

"Saba'in da tara."

Sufeto ya dubi rumman ɗinsa, ya tura rabi gaban Saja Barno, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana tuƙa shi tana kuma gyara masa rubutu.

"Tashi mu je, Barno-opa. An kama mana ɓarauniya, har an yanke mata hukunci. Mu sai mu tafa musu." Opa, wato yaya, haka ake kiran mace a nan don girmamawa.

Gidan yana da kyau daga waje, kamar yadda irin waɗannan gidaje suka saba. An yi fenti, an share tsakar gida, inabi ya nuna a kan rumfa. Tsofaffi kamar goma suna zaune a inuwa. Sufeto ya dafa ƙirji ya yi sallama, suka amsa ƙasa-ƙasa, kowa idonsa na kan takalminsa. Wannan bai yi masa daɗi ba. Tsoho a garinmu in ya ga baƙo, sai ya ji sunan kakansa kafin ya bar shi ya wuce.

A ofis, Darakta Ravshan ya zuba masa shayi. Kusa da taga wata mace ce tsaye cikin farar riga, doguwa, tsaf-tsaf, da agogo maƙale a ƙirji.

"Babbar nas ɗinmu, Nigora. A Tashkent ta yi karatu. Ita ta fara lura."

"Yau da safe na je ba Mukarram-hola magani," in ji Nigora, "na ga kunnuwanta wayam. Ita ba ta magana, shanyewar ɓarin jiki gare ta. Ɗakin su biyu ne, ita da Oftob-hola. Sai muka bincika." Hola, wato gwaggo, haka ake kiran tsohuwa a nan.

"Su wa da wa?"

"Ni da darakta, da Zulhumor mai shara."

"A ina aka samu?"

Darakta ya nuna wani ƙunshi a kan kujera. Ƙyalle ne shuɗi mai furanni, an buɗe shi. Ciki akwai farin yadi a ninke, da sabulu uku, da tawul, da 'yan kallabi sababbi. Ba sai an gaya wa Sufeto ba. Kowace tsohuwa tana da irinsa a ƙasan akwati, likkafaninta ne da kyautar matan da za su wanke ta.

"Cikin likkafani?"

"Cikin tsakiyarsa," in ji darakta. "Ka ga rikicewa ai."

Sufeto ya ɗaga ƙyallen. An yanke kusurwoyinsa da almakashi, guntun da aka yanke yana gefe, da ƙullinsa daram.

"Wa ya yanka?"

"Ni," in ji darakta. "Ƙullin ya ƙi kwantuwa, har farcena ya karye."

"Kafin yau wani ya taɓa ƙunshin nan?"

"Wa zai taɓa kayan mutuwar wani?" in ji Nigora, tana ɗan yamutsa fuska. "Ni ko yau ban sa masa hannu ba."

Darakta ya turo takarda da biro. Sufeto ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya ce takarda ce mai kyau, ya ture ta gefe. Ya sa guntun ƙyallen a aljihu, ya nemi a kai shi wurin mai laifi.

Ɗakin ƙarami ne, gado biyu da taga ɗaya. A gadon kusa da taga wata tsohuwa ce kwance, ƙarama, idonta na bin duk mai shigowa. A gefenta wata na zaune tana ba ta shayi da cokali. Wannan ta biyu ta dubi Sufeto ta saman tabarau, duban da ya sa ya gyara tsayuwarsa bai sani ba.

"Ke ce Oftob-hola?"

"Ni ce ɓarauniyar. Zauna, ɗana. Wace makaranta ka yi?"

"Ta bakwai."

"Shi ya sa ban san ka ba. Shekara arba'in da ɗaya na koyar a ta uku. Da ka biyo ta hannuna, da ba ka shigo da hula a karkace ba."

Barno ta juya fuska tana danne dariya. Sufeto ya gyara hula ya zauna. Nan take ya ji matar ta kwanta masa.

"Kin ɗauki 'yan kunnen?"

"In kai su ina? Ni da ko hudar kunnena ta toshe tun zamanin da kake rarrafe."

"To me ya sa aka ce ke ce?"

Ta ajiye cokali, ta janye hannun rigar Mukarram a hankali. Wuyan hannun duka biyu ya yi zobe, wani wuri baƙi, wani wuri ja ɗanye.

"Ɗaure ta ake yi da bandeji a jikin gado, daga azahar zuwa la'asar, wai don kada ta faɗo. Lokacin ni ana kora ni tsakar gida in sha iska. Ba ita kaɗai ba. Na gaya wa darakta sau biyu, ya ce zai duba. Sai na rubuta wasiƙa zuwa ofishin lardi, na ba matan unguwa da ke kawo mana shinkafar Alhamis su jefa. An ce masu bincike za su zo ran Litinin."

"Ke kuma gobe Alhamis za a ɗauke ki."

"Ashe dai makaranta ta bakwai ma ana koyar da lissafi."

"Kin sa suna a wasiƙar?"

"Nawa na sa. Na mai ɗaurin ban sa ba, don ban gani da idona ba. Ni ba na rubuta abin da ban gani ba."

Sufeto ya san in motar gobe ta tafi da ita, maganarta ta zama maganar mahaukaciya, kuma ba tsohon da zai sake buɗe baki a gidan nan. Mukarram ta kama gefen rigar Oftob da hannunta mai lafiya, ta riƙe tam.

"Ban da wannan korar, yaushe kika daɗe ba kya cikin ɗakin nan?"

"Jiya Talata, ranar wanka. Daga sha biyu zuwa ɗaya da rabi." Ta sake dubansa ta saman tabarau. "Ka ga ƙunshina?"

"Na gani."

"Ba ka gani ba. Uwarka tana da rai?"

"Tana nan, alhamdu lillahi."

"Je ka tambaye ta yadda take ɗaure nata. In na faɗa maka da bakina, za su ce mahaukaciya ce ta faɗa."

Ya fita ƙarƙashin rumfar inabi ya kira gida. Sai da wayar ta yi ƙara takwas kafin tsohuwar ta ɗauka.

"Inna, tambaya gare ni. Ƙunshin nan naki na ƙasan akwati, wane irin ƙulli kike yi masa?"

Muryarta ta taso har sai da ya janye wayar daga kunne.

"Ƙulli? Sauri kake yi, Mirzohid? Ka gaji da ni ne? Matarka ce ta aiko ka?"

"Aiki ne, Inna, wallahi aiki ne."

"Aikin banza. Wa ya taɓa ƙulla kayan mutuwa? Ko zaren da ake ɗinka likkafani ba a yi masa ƙulli, balle ƙunshin mai rai. Ninkewa ake yi, a cusa bakin a ciki. Ka yi furfura ba ka san wannan ba? Ka ci abinci ma kuwa?"

Ya ce ya ci. Ta ce ƙarya yake. Ya kashe wayar yana murmushi, ya ciro guntun ƙyallen daga aljihu ya juya shi. Ƙulli ne mai kyau, an zagaya sau biyu kafin a ja, sannan aka ɗora na biyu a kai. Ba irin na masu ɗaure buhun auduga ba ne.

Zulhumor mai shara suka samu a bayan ɗakin girki tana wanke bokiti. Mace ce kakkaura mai shekara hamsin da wani abu, 'yar ƙauye, da murya kamar ta mai kiran shanu. Tun a hanya darakta ya raɗa wa Sufeto cewa in ma akwai mai taurin hannu a gidan, to ita ce.

"Jiya daga sha biyu zuwa ɗaya da rabi kina ina?"

"Ɗakin wanka. Mata goma sha huɗu na cuɗa. Ka tambayi bayansu."

"Kin taɓa ganin an ɗaure wani a gidan nan?"

"Ban gani ba."

"Hannun Mukarram-hola fa?"

"Ni shara nake yi, aka. Ƙasa nake kallo." Kalmar "aka" a nan kiran girmamawa ce ga namiji, wato yaya.

"Da aka buɗe ƙunshin yau, kina wurin. Me kika gani?"

Ta ci gaba da dirzar bokitin da ya riga ya fita tas.

"'Yan kunne na gani."

"Kafin 'yan kunnen."

"Yara uku gare ni, mijina yana Rasha shekara biyu ba labari. Ban ga komai ba."

Sufeto bai matsa mata ba. A ganinsa ƙaryar tsoro daban take da ƙaryar mugunta, kuma ta farkon ba ta da wuyar warkewa. Ya ɗauko ƙunshin da Barno ta riƙo, ya miƙa mata.

"To taimake ni, opa. Ɗaure min wannan, zan kai ofis."

Ta goge hannu a zani har sau biyu, ta yi bismilla, ta ninke kusurwa kan kusurwa, ta cusa bakin a ciki, duk da yankan almakashi. Ta miƙo masa da hannu biyu.

"Zai warware a mota. Ƙulla shi mana."

"Allah ya kiyaye! Matar tana raye." Sai ta kama bakinta. Idonta ya ciko. "Da na ga ƙullin nan yau da safe, na san ba ita ba ce. Duk tsofaffin sun sani."

"Bandejin da ake ɗaure Mukarram-hola da shi, wa ke kwancewa?"

Ta waiwaya hagu da dama. Ta sa hannu a aljihun gaban rigarta ta ciro ɗan ƙaramin almakashi.

"Ba ya kwantuwa. Yankewa nake yi in na samu sarari. Ka leƙa ƙarƙashin gadon, a ƙarfen bango. Akwai wanda hannuna bai kai ba."

"Wa ke ɗaurewa?"

"Wannan kam ka nemo da kanka, aka. Na faɗi abin da ya fi ƙarfina."

Barno ce ta durƙusa ta shiga ƙarƙashin gadon, tana mitar gwiwa. Ta fito da ƙura a hula da guntun bandeji a hannu. Sufeto ya ajiye shi kusa da guntun ƙyalle a tafin hannunsa. An zagaya sau biyu, an ɗora na biyu a kai.

"Nas huɗu ne a gidan," in ji Barno. "Ƙila duk haka aka koya musu."

"Ƙila. Mu je mu sha iska."

A tsakar gida wani tsoho ne zaune shi kaɗai a kan gadon katako, da allon darar nan mai sarki da doki da giwa a gabansa, yana wasa da kansa. Ƙirjinsa na ƙugi in ya ja numfashi. Sufeto ya cire takalmi ya hau, ya tura ɗa guda ba tare da an gayyace shi ba.

"Ka yi kuskure," in ji tsohon. "Ni ne Tolib. Direban jirgin ƙasa, a da."

"Wa ke cin wasan, Tolib-ota?" in ji Sufeto, ya ƙara masa "ota", wato baba.

"Kullum ni. Kullum kuma ni ake ci."

"Jiya da rana kana nan?"

"Ina zan je? Maza ranar Asabar muke wanka. Nan nake, har hayaƙi ya kore ni."

"Hayaƙin girki?"

Tsohon ya yi tari, ya dubi tagogin ginin, ya sunkuyar da kai kan allo. Ya daɗe yana jujjuya doki a hannu.

"In na faɗa, ni ma akwai mota?"

"In ka faɗa, ni na ji, ba su ba. Sunanka ba zai shiga takardar da wani a gidan nan zai gani ba."

"Haka aka gaya wa Oftob." Ya ajiye dokin. "Isirik ne. Ka san warinsa, ciyawar da uwarka ke turara maka in ka yi mugun mafarki. Shekara uku an hana mu shi a gidan nan. An ce camfi ne na jahilai, kuma yana tayar min da fuka. An ƙwace na kowa. To jiya wajen ƙarfe ɗaya, sai ga shi yana fitowa ta waccan taga kamar ana biki."

"Tagar ina ce?"

"Ɗakin magani. Mabuɗi ɗaya ne, kuma ba a wuyana yake ba." Ya tura giwarsa. "Na ce maka ka yi kuskure. Sarkinka ya mutu."

Sufeto ya yi dariya har ƙasan ransa, ya yi alkawarin ramuwa, ya sa takalmi.

Darakta na ofis yana ta duba agogo. Sufeto ya zauna ya zuba wa kansa shayi.

"An rubuta ƙara a kan gidan nan zuwa lardi. Ka sani?"

"Ƙara? Yau na fara ji."

"To bari in kira su in ji wa suka aika wa kwafi."

Ya ɗaga waya. Bai kai ga danna lamba ta uku ba darakta ya jawo aljihun tebur. Wasiƙar ce, da rubutu mai kyau irin na malaman da, da sunan Oftob a ƙasa ɓaro-ɓaro. A sama an buga hatimi, an rubuta: a ba da amsa cikin kwana goma. Sufeto ya girgiza kai. Mutum ya kai ƙarar kura, a miƙa wa kura takardar da adireshin akuya.

"Wa ka nuna wa?"

"Nigora kaɗai. Sashenta ne. Ta ce in bar mata."

"Ka bar mata kuwa. Kira ta ɗakin magani. Kai ma ka zo."

Ɗakin magani fes yake, komai a jere. Nigora ta buɗe da mabuɗin da ke rataye a wuyanta, ta tsaya ta harɗe hannu.

"Jiya da rana kina ina, Nigora-opa?"

"Na shiga gari karɓo magunguna. Sha ɗaya na fita, sai biyu na dawo."

"Da mabuɗin?"

"Ba ya barin wuyana."

"Madalla. Haka ake son ma'aikaci." Ya ɗora ƙunshin a kan tebur, ya ɗan ja bakin, ya warware. "Kash. Kin ga aikin Zulhumor. Na ce ta ɗaure min, ta yi min ninkin ƙauye. Ga hannuna duk rumman. Ki taimaka, shaida ce, kada ta zube a hanya."

Sufeto ya ga yadda ta dubi farin yadin. Amma darakta na kallo, kuma macen da ta kira abu camfi ba za ta so a ga tana tsoronsa ba. Ta kama abin da ya rage na kusurwoyin, yatsunta suka yi aikinsu cikin ƙiftawar ido. Ta ja da baya tana goge hannu a riga.

Sufeto ya ciro guntun ƙyalle ya ajiye a gefen sabon ƙullin. Ya ciro guntun bandeji ya ajiye a ɗaya gefen.

"Ɗaya, biyu, uku. Kamar uwa ɗaya ta haife su."

"Ƙullin asibiti ne. Kowace nas ta iya."

"Haka Saja Barno ta ce. Amma sauran ukun 'yan nan ne, kakanninsu sun rene su. Na tabbata in na ba su ƙunshin nan, ba mai ƙulla shi. Ke ba ki san ba a ƙulla kayan mutuwar mai rai ba?"

Sufeto ya ci gaba.

"Wannan ba ki sani ba. Amma kin san buɗe likkafanin wani ba abin wasa ba ne. Barno-opa, me hancinki ke gaya miki?"

Barno ta riga ta buɗe kabad ɗin ƙasa. Daga bayan kwalaben ruwan gishiri ta jawo wani ɗan kwanon ƙarfe na wanke ciwo. An wanke shi, amma gindinsa ya yi baƙi, kuma warin bai fita ba. Kusa da shi akwai leda cike da busasshiyar ciyawa, damin-damin, wasu da sunayen masu su a jiki.

"Ƙarfe ɗaya na jiya hayaƙi ya fita ta tagar nan," in ji Sufeto. "Ke kina gari, mabuɗi yana wuyanki. To ko aljani ne ya ji tsoro ya yi turare?"

"Wa ya ce ya ga hayaƙi?"

"Wannan tambayar ce ta kawo mu nan, opa. Ba za ki ji amsarta ba, yau ko gobe."

Nigora ta zauna a kan kujera. Tsaf-tsaf ɗin nan duk ya zube.

"Da na taɓa yadin, sanyi ne da shi," ta ce a hankali. "Na kasa mayar da shi yadda yake. Na ninka, na ninka, ya ƙi. Na ji kamar kakata na tsaye a bayana. Sai na shigo nan na turara isirik." Ta ɗago kai. "Mutum arba'in da shida, Sufeto, nas biyu da rana. In ɗaya ta faɗo ta karye, ni za a tambaya. Shekara ashirin ina aiki ba tabo. Sai wata tsohuwa ta zauna da biro ta rushe min komai?"

"Sai kika cire 'yan kunnen matar da ba ta iya ihu."

"Da an mayar mata. Ba wanda zai cutu."

"Oftob-hola fa?"

"Can ma gado ne, da abinci."

Sufeto ya ji tausayinta kaɗan, don ya san nas biyu ba sa isar mutum arba'in da shida, kuma zai rubuta hakan a rahotonsa. Amma tausayin bai kai wuyan hannun Mukarram ba.

"Barno-opa, karɓi mabuɗin. Ravshan-aka, ka kira ka ce ba a bukatar motar gobe. Takardarka kuma ka ajiye, akwai wadda za ka sa wa hannu a ofishina da yamma. Ran Litinin ni da kaina zan tsaya a ƙofa in karɓi baƙinku."

Darakta ya ce to.

Sufeto da kansa ya kwance ƙullin, da haƙuri da farce, bai bari an kawo almakashi ba. Zulhumor ta sake ninke ƙunshin. Ya kai wa Oftob har ɗaki, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ba ta haƙuri a kan kusurwoyin da aka yanke.

"Ƙyallen waje ne, ba komai," in ji ta. "Dama launin bai taɓa yi min ba. Riƙe mata kai."

Ya riƙe kan Mukarram, Oftob ta mayar mata da 'yan kunnenta ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar ta yi wani sauti a maƙogwaro, Oftob ta ce dariya ce, ita ta san ta.

Barno ta bi da Nigora ta tsakar gida, hannunta a gwiwar hannunta. Wannan karon idanun tsofaffin ba sa kan takalma, sun raka farar rigar har ƙofa, har aka ji an rufe murfin mota.

Sufeto bai bi su ba. Ya ce Barno ta kai ta ta dawo. Ya sa aka fito masa da ɗan tebur ƙarƙashin inabi, ya zauna ya buɗe littafinsa.

"Iyayena, ina nan har la'asar. Duk mai magana ya zo. Abin da aka gaya min, littafin nan ne kawai zai ji. Wanda ba ya son sunansa, ba zan rubuta ba."

Minti biyar ba wanda ya motsa. Ya tsinki inabi ya ci. Shi zama ba ya gundurarsa.

Tolib ne ya fara tasowa, yana ƙugi.

"Rubuta. Miyar Litinin ruwa ce zalla. Naman ciki tun watan jiya ake nuna mana shi ana mayarwa."

Dariya ta tashi a inuwar, wata har da tafi. Sufeto ya rubuta miyar Litinin da gaske, ya ja mata layi.

Kafin dariyar ta lafa, wata tsohuwa da ke can ƙarshen benci ta miƙe da sanda. Tun safe ba a ji muryarta ba. Ta ɗauki lokaci kafin ta iso. Ta jingine sandar a jikin tebur, ta naɗe hannun rigarta har gwiwa, ta ɗora hannun a gabansa. Wuyan hannun ya yi zobe irin na Mukarram.

"Tun yaushe, hola?"

"Tun bara." Ta dubi biron. "Sunana za ka sa?"

"Sai in kin so."

Ta waiwaya ta dubi ofishin darakta, ta dubi Oftob da ke tsaye a taga. A bayanta mutum uku sun riga sun tashi suna laluben sandunansu.

"Sa," ta ce. "Anzirat. Da manyan baƙi, don idona ba ya gani sosai."